Ke Ba Shamuwa Ba Ce

Rano, ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga 'yar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma yanzu haka ina jin ki kina haɗa kaya kina korar ƙannenki daga kan jaka. Allah ya tsare ki a tafiyar gobe, ya sa Zariya ta karɓe ki da alheri, ya ba ki ilimin da za ki nema, ya kare ki daga abin da ba ki nema ba.

Shekaranjiya a tsakar gida na ji kina tambayar Abbanki ko ki sayi kwambata, ɗan zoben gilashin nan da ake ɗaurawa tsakanin kyamara da dogon gilashi don ya ƙara jawo abin da ke nesa. Kin ce tunda ya ba ki tsohuwar kyamararsa da dogon gilashinta, shi kaɗai ya rage miki. Ya yi dariya ya ce, "Je ki tambayi Addarki, ita ce ta sha wuyarsa." Kin juyo kin dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai na ci gaba da tsince shinkafa kamar ban ji ba. Na ji. Baki ne ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin san ke ce 'yar farina. Kin kuma san yadda gidanmu na Durba yake da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ce mai fara ɗaga shi ba. Da aka yaye ki Inna, mahaifiyata, ta goya ki ta tafi da ke Durba, kika tashi a hannunta kina ce mata Inna, ni kina ce min Adda kamar yayarki. Ban yi kuka a gaban kowa ba. A lokacin ni yarinya ce, kaina cike da littattafan soyayya da nake arowa wajen matan maƙwabta, in ɓoye a ƙarƙashin matashi, in karanta har tuwo ya kama. A littattafan nan kullum akwai wata mai tsayawa a taga tana kallon wanda take ƙauna daga nesa, ba ta ce komai ba, amma shi ya san da ita. Na ɗauka haka duniya take. Na ɗauka in kana son mutum sosai, labari zai kai masa da kansa.

Ranar da komai ya sauya min, suna ake yi a gidan kawunki a Durba, bayan an gama girbi. Kina da shekara huɗu. An kira Abbanki ya ɗauki hotuna, da azahar ta yi sai ya miƙo min kyamarar ya ce, "Riƙe min in yi salla. Kar ki danna komai, wannan ba littafi ba ne." Na koma bayan rumbu na zauna da ita a cinya. Dogon gilashin ne a jikinta, wanda yake zuwa filin ƙwallo da shi. Don wasa na ɗora ta a idona, na ga katanga, na ga kan akuya, sai na gan ki. Can bakin gona kike, gindin tsamiya, kina wasan ƙasa da yara, amma sai ga fuskarki kamar a tafin hannuna. Na ga wushiryarki. Na ga wani ɗan tabo a girarki ta hagu wanda ban san yaushe kika samu ba. Na ga yadda kike cije leɓe in kina aiki, irin nawa. Mata suna ta wucewa ta gefena, ba wadda ta san abin da nake kallo. Tun da aka ɗauke ki ban taɓa kallon ki na ƙoshi ba sai ranar.

Daga nan na nace wa Abbanki ya koya min. Ya koya min kuwa, da haƙuri da tsokana. Duk zuwa Durba ina rataye da kyamara, mutane suka ce matar mai hoto ta kama sana'ar miji. Sai dai kina girma kina ƙara nisa: makaranta, rijiya, gidan ƙawa. Ni kuma ba na iya matsowa. Wata rana na ga kwambata a hannun wani abokin sana'arsa, aka ce yana jawo abu ninki biyu. Ban bar Abbanki ya sha ruwa ba.

"Me za ki ɗauka da shi?" ya ce. "Wata?"

"Tsuntsaye."

"Tsuntsaye. To." Ya kurɓi kununsa. "Iri biyu ne fa. Ƙaramin ya fi lafiya, ƙarin da yake yi bai kai rabi ba. Babban shi ne mai ninkawa, amma ɓarawon haske ne."

"Babban nake so."

"Na san babban kike so. Allah ya sa tsuntsuwar nan ta Durba ta tsaya a yi mata hoto."

Na jefe shi da murfin kwano. Amma da ya je Kano ya dawo min da shi.

Kuskurena na farko ke nan: na ji "ninki biyu", kunnena ya toshe daga sauran maganar. Na gane haka ranar saukarki ta Alƙur'ani. Kin tuna, bayan la'asar aka yi, hadari ya haɗo ta gabas, gari ya yi duhu-duhu. An jera kujeru a gaba don iyaye, Inna ta zauna a kan tawa, yadda ya kamata. Ni na koma can baya gindin darbejiya, na ɗaura kwambata, ina jin kaina kamar wadda ta fi kowa dabara. Da aka kira ki kika miƙe da allonki, na ɗaga kyamara, sai gilashi ya shiga kai da kawowa yana 'yar ƙara, ya kama hular malam, ya kama reshe, ya ƙi kama fuskarki. Hasken da zai gani da shi ya yi masa kaɗan. Ke kuma kin ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai waige-waige kike, ki dubi dama ki dubi hagu. Na danna, na danna, har kika zauna. Da muka buɗe a kwamfutar shagon hoton Abbanki, babu ko ɗaya mai kyau. Duk sun yi duhu, sun yi yashi-yashi, fuskarki kamar an shafa ta da hannu kafin ta bushe. Na dawo gida ina fushi da hadari, ina fushi da kwambata, har da ke da kika ƙi tsayawa.

Abbanki bai ce "na gaya miki" ba. Ya ɗauko zoben ya ɗaga shi saitin taga ya ce, "Shi ba ya ƙirƙiro komai. Tsakiyar abin da gilashi ya gani yake ɗauka ya baza. Kamar miyar mutum ɗaya ce ki tsinka ta ta ishi mutum huɗu." Ƙaramin yana cinye rabin hasken da ke shigowa, babban yana cinye kashi uku cikin huɗu. Ki riƙe wannan. Da yamma, ko cikin ɗaki, ko ranar hadari, ki bar shi a jaka. Kuma ba a kyamara kaɗai ba. Duk abin da ya ce zai kusantar da ke da wani abu ba tare da kin taka ƙasa ba, ki tambaye shi me zai ci a madadin haka. Za ki haɗu da irinsu da yawa a can, wasu a waya, wasu da ƙafafunsu da bakinsu mai zaƙi.

Sai na ce to, tunda haske yake so, zan ba shi haske. Lokacin kin dawo Rano kin shiga sakandare, kina kwana a ɗakin nan na kusa da nawa, ina ce miki "ke" kina ce min Adda. Aka sa gasar tsere a makarantarku cikin bazara, rana tsaka. Na tsaya a wajen katanga, ta inda ta ɗan rushe. Haske kam har ya yi yawa. Amma abu biyu ban sani ba. Na ɗaya, kwambata ba abin da kike kallo kaɗai yake ninkawa ba, har rawar hannunki. Numfashi kawai za ki ja, mutum ya fice daga hoto. Ni kuwa ranar zuciyata ce take dukan ƙirjina don kin wuce ta biyu kina bin ta ɗaya, ina hannu zai tsaya? Na biyu, iskar da ke kan fili in rana ta gasa ƙasa rawa take yi, kin san yadda kwalta take yi kamar da ruwa a kanta. Iya nisan da ke tsakaninki da abu, iya yawan iskar da za ki leƙa ta cikinta, kuma kwambata ba ya rage ko taku ɗaya na wannan iskar, ƙara girmanta yake yi. Kin zo ta biyu. A hoton kamar a cikin rafi kike gudu.

Don haka in za ki ɗaura shi, ki nemi ƙarfen nan mai ƙafa uku ki ɗora kyamarar. In babu, ki jingina da bango ko ki ɗora a kan buhu, ki matse gwiwar hannu a jiki. Ki fita da sassafe, rana ta fito amma ƙasa ba ta yi zafi ba. In kuma ranki a tashe yake, murna ce ko fushi, ki jira ya kwanta kafin ki danna. Haka ma kafin ki amsa wa mutum magana.

Akwai wata wauta da na yi, ita ma ki ji. Wata rana Abbanki ya tafi Kibiya aiki da dogon gilashin mai kyau, ya bar wani mai araha da ya daina amfani da shi. Na ce ai kwambata zai gyara shi. Na yi ta murɗawa yana ƙin shiga, da na ƙara ƙarfi Allah ya so ni ban karce gilashin ciki ba, don ba kowane gilashi yake karɓar sa ba. Na samu wani, shi ma mai araha, da ya shiga, na ɗauki hasumiyar masallaci daga tsakar gida. Da ya dawo ya cire kwambatan, ya sake ɗaukar hasumiyar daga inda na tsaya, ya kai kwamfuta ya yanke tsakiyar nasa ya ƙara mata girma, ya ajiye su gefe da gefe.

"Malama mai littafi, wanne ne naki?"

Na duba na duba. Na nuna wanda ya fi fitowa.

"Wannan nawa ne," ya ce. "Naki ga shi nan, kamar an yi masa turare."

Gilashi in mai kyau ne, kwambata zai ƙara miki abin da yankewa ba za ta ba ki ba. In kuwa mai rauni ne, rauninsa zai ninka. Kafin ki yarda da kowane irin ƙari, ki yi gwajin nan da Abbanki ya yi min: ɗaya da shi, ɗaya babu shi, ki bar idonki ya yi hukunci. Kar ki bar mai sayarwa ya yi miki.

Kar ki ce na tsane shi. Hoton shamuwar nan da ke rataye a shago, wanda kowa yake cewa na Abbanki ne shi kuma yake yin shiru yana murmushi, ni na ɗauka, kuma da kwambata. Mun je gaisuwa Saji gab da faɗuwar damina, shamuwa ta dawo ta yi sheƙa a ƙololuwar wata kuka a bayan gari. Da safe ne, sama tas, babu iska. Na ɗora kyamara a kan katangar wata rijiya, na zauna na jira har ƙafata ta yi sanyi. Ta sauko da kara a baki, ta tsaya, ta juyo. Har jan da ke gefen idonta ya fito. Wani tsoho da ke wucewa da fartanya ya leƙa ya ce, "Iko sai Allah, yau ga mai labarin ruwa an kawo ta hannu." Ranar na san amfaninsa. Shamuwa ba ta san sallama ba. In kin matsa za ta tashi, in ma ba ta tashi ba, ba ki da fiffiken hawa kuka. Don irinta aka yi kwambata: tsuntsu, ko ɗan ƙwallo a wancan gefen fili, ko abin da rafi ya raba ku. Abin da babu hanyar zuwa gare shi, ga haske, ga gilashi mai kyau, ga wurin jingina. In waɗannan sun haɗu, ya cancanci wurinsa a jaka. In ɗaya ya ɓace, ƙafarki ta fi shi.

Mutum kuwa, ki je ki yi masa sallama. Kar ki tsaya a bayan bishiya ki saci fuskar mai tallan nono ko tsoho a bakin kasuwa don kawai gilashinki ya kai. Ki gaishe shi, ki faɗi abin da ya kawo ki, in ya ƙi ki yi godiya ki wuce. Hoton da aka ba ki daban yake da wanda kika sata, ko a ido ana gani.

Saura abu ɗaya, shi ne na daɗe ina zagayawa.

Makon jiya da Inna ta zo kawo miki kuka da daddawa da man shanu na tafiya, muna ɗaki ni da ita tana ƙulla su a leda, sai na ɗauko hotunan saukarki, waɗancan marasa kyau. Ban taɓa zubar da su ba. Na ce, "Inna, dubi yarinyar nan, ranar ko tsayawa ta ƙi yi, sai waige-waige kamar wadda ta ɓatar da akuya."

Inna ta kai hoton kusa da idonta, ta nisanta shi, ta ajiye.

"Ke take nema," ta ce.

Ta koma kan ƙullinta ta ci gaba da magana.

"Tun da asuba take tambaya ta, Adda za ta zo? Na ce za ta zo. Da ta zauna ta raɗa min, Inna, ba ta zo ba. Na ce tana nan, ta ce ina? Ni kaina ban gan ki ba, ina zan nuna mata?"

Kin ga wani halin kwambata da ban gaya miki ba: yana matse ido. Fuska kawai za ki gani, ba za ki ga abin da fuskar take kallo ba. Na ga kina waiwaye, ban ga kujerun da kike bi ɗaya bayan ɗaya da ido ba.

Na ce, "Inna, ai kunya ce. Ku kuka koya mana."

Ta bar ƙullin da take yi ta dube ni. "Kayya, Sa'adatu. Mu mun yi kunya, amma a tabarma ɗaya muka yi ta. Yayanki Buba ban taɓa kiran sunansa ba har yau, amma tambaye shi wa yake tura masa tsoka ƙarƙashin tuwo. Tambaye shi wa ya zauna a bayansa ranar kaciya yana yi kamar tsinke yake nema. Kunya a baki take, ba a ƙafa ba. Ke ce kika je kika sayo mata gilashi."

Ta yi dariya har da tari, ni ma na yi, sai kuma na ga hawaye yana ɗiga a kan ledar kukarki.

Ban ga laifin Inna ba, ban ga laifin al'adarmu ba. Ta rene ki da kyau fiye da yadda zan iya a lokacin, kuma kunyar nan tana da kyanta, tana hana uwa fariya da ɗanta a gaban wadda ba ta samu ba. Ni ce na samu hanya mai sauƙi na bi. Na ƙoshi da kallon ki, na manta ke ba ki ga komai ba. Ina da hotunanki cike da akwati, daga wushirya har zuwa hijabin sakandare, kuma a cikinsu duka babu inda kike kallo na. Matan littattafaina da ke tsayawa a taga, marubuci ne yake kai musu saƙo. Ni ba ni da marubuci. Ke kuma ba shamuwa ba ce. Da na matso ba za ki tashi ba.

To ga amsar tambayarki. Kar ki sayi kwambata. Nawa yana cikin jakarki ta baya, na naɗe shi a ɗankwalina mai ruwan toka. Ki yi amfani da shi inda na ce, da safe, a jingine, kan abin da ba ya zuwuwa. In wata rana kin samu gilashin da ya fi wannan kuma kina son ƙari, ki nemi ƙaramin, Abbanki ya yi gaskiya tun farko, amma kar ki gaya masa na faɗa. Sauran aikinki duka, ki taka ki je.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki ci abinci ko ba ki jin yunwa, na san ki in aiki ya kama ki. Ki riƙa kiran Inna a waya, ba ta iya kira ba amma ta iya jira. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin dare da na rana. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Takardar nan ba zan ba Abbanki ya miƙa miki ba, ni zan kawo miki ita ɗakinki. Gobe kuma Inna ta ce ƙafarta ba za ta kai tasha ba, na san kuma lafiyar ƙafarta ƙalau. Ni zan raka ki. Ba zan ɗauki kyamara ba. Zan tsaya a bakin tagar motar har ta tashi, kuma in zan yi miki sallama, a gaban duk wanda ke wurin, zan ce Asma'u.

Mahaifiyarki,
Sa'adatu